Tambayoyin Masu Karatu: Baiwar Allah Ta Yi Sheƙa a Rumfarmu

Wasiƙun da suka shigo a wannan wata sun fi yawa a kan tsuntsayen da ke saƙa sheƙa a cikin gidaje, abin da ba zai ba da mamaki ba tunda damina ta yi nisa, ciyawa ta fara fitar da ƙwaya, ƙwari kuma sun wadata. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita su kaɗan saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni uwargida ce a Tudun Wadan Zariya. Kimanin mako biyu ke nan da na lura 'yan jajayen tsuntsayen nan da muke kira baiwar Allah suna ta jigilar busasshiyar ciyawa da gashin kaji zuwa cikin zanar rumfar da nake girki a ƙarƙashinta, yanzu kuwa ga alama sun shiga kwanci, domin in ɗaya ya fito sai ɗaya ya shiga. Bara ma sun yi haka, amma ranar da 'ya'yan suka fito kyanwarmu ta cinye uku a gaban idona, abin yana nan a raina har yau. Maigida ya ce a ɗauke sheƙar a saka a kwando a rataye can sama, ga kuma yara huɗu da ba su da aiki sai leƙe. Akwai kuma wani baƙin tsuntsu mai farin baki da jajayen ƙafafu da ke yawan sauka a kan katanga, ban sani ba ko maƙiyinsu ne. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri da wannan tausayi. Zan fara da shawarar maigida, domin ita ce ta fi gaggawa: don Allah a bar sheƙar inda take. Tsuntsu wurin da ya yi saƙa yake riƙewa, kuma idan ya dawo ya tarar babu komai a gurbin, sau da yawa ba ya bin sawu zuwa sabon wuri, ƙwan kuwa da zarar ya daɗe babu ɗumi sai ya lalace. Niyyar maigida mai kyau ce, sai dai a nan garin neman gira za a rasa ido. Kada kuma ki daina girki a rumfar saboda su. Suna kallon hayaƙinki da kai-komonki suka zaɓi wurin, domin baiwar Allah tsuntsuwa ce da ta saba da zama kusa da mutane, kuma kasancewarki a wurin yana daga cikin abin da ke hana hankaka da shirwa matsowa. Abin da ke razana su shi ne sabon abu: hannu a bakin sheƙa, ko hasken tocila da dare, ko girgiza zana.

Yanzu mu yi lissafin kwanaki, domin shi ne zai sauƙaƙa miki komai. Baiwar Allah tana yin ƙwai farare uku zuwa biyar, wani lokaci shida, a cikin dunƙulalliyar sheƙa mai ƙofa a gefe. Namiji, wato jan nan mai ɗige-ɗigen fari a gefen ƙirji, da macen, wadda ruwan ƙasa ce sai ja a gindin wutsiya, suna karɓa-karɓa wajen kwanci har kwana 11 zuwa 12. Bayan ƙyanƙyasa 'ya'yan suna yin kimanin kwana 18 a ciki kafin su fito, sannan iyayen su ci gaba da ciyar da su a waje na mako guda ko fiye. Duka-duka dai hidimar ba ta wuce kwana arba'in. Ki duba kalanda ki sa alama a ranar da kika fara ganin karɓa-karɓar, ki ƙirga wata guda, to a nan ne haɗarin da kika gani bara yake jira. A cikin sheƙa 'ya'yan suna ɓoye, amma ranar da suka fito fukafukansu ba su yi ƙwari ba, suna tashi taku biyar su faɗo ƙasa, suna kuka suna kiran iyaye, kukan nan kuwa shi ne ke kiran kyanwa.

Kyanwa ba ta yi laifi ba, halittarta ke nan, kuma ko ta ƙoshi tana farauta. Mutane suna raina ɓarnarta saboda ba su ganin yawanta. A shekarar 2013 wasu masana a Amurka sun ƙiyasta cewa kyanwoyi suna kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 a kowace shekara a ƙasar kaɗai, mafi yawa ta hannun waɗanda ba su da mai su. Lissafin can ne, amma kyanwar Zariya da ta Amurka hali ɗaya ne. Abin da za ki yi shi ne ki kwana da ita a ɗaki tun daga yanzu, kada a sake ta sai hantsi ya ɗaga, a kuma mayar da ita kafin magariba, domin asuba da almuru su ne lokutan da ta fi samun sa'a. Idan kwanakin fitowar suka zo, ki tsare ta gaba ɗaya na mako guda, da abincinta da ruwanta da kaskon yashi a kusurwa. Na nanata abinci da ruwa ne saboda duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta a dalilin kyanwar da ta kulle ba ta ciyar da ita ba, don haka tausayin tsuntsu kada ya kai mu ga zaluntar mage. 'Yar ƙararrawa a wuya tana rage ɓarna amma ba ta kawar da ita, tunda ɗan tsuntsun da bai iya tashi ba ko ya ji ƙara babu inda zai je. Saboda kyanwoyin maƙwabta kuma, a naɗe dirkokin rumfar da fallen kwano mai santsi, a kawar da turmi ko durom ko tarin itacen da za a iya takawa a yi tsalle, a ɗora rassan magarya masu ƙaya a kan katangar da ke kusa.

Batun yara ya fi kusa da zuciyata, domin ni ma na yi yarinta a gidan da baiwar Allah take sheƙa a jinkar madafar kakata. Ba ta taɓa cewa kada mu kalla ba. Tabarma take shimfiɗa mana a bakin ɗakinta, taku goma daga madafar, ta ce mu ƙirga mata sau nawa uwar ta shiga kafin tuwo ya nuna. Har yau ina tuna ranar da muka ga ɗan farko ya leƙo da ɗan guntun baƙin bakinsa, ya tsaya a ƙofar sheƙar yana rawar jiki, uban yana kiransa daga kan murfin randa. Ki yi wa naki haka. Ki ja musu layi a ƙasa wanda ba a tsallakewa, ki ba babban yaron littafi da fensir ya riƙa rubuta abin da suka gani da ranar da suka gani, ki ɗora wa ƙaramin alhakin zuba ruwa a kasko. Yaron da aka mayar mai gadi ba ya yarda ɗan maƙwabta ya shigo da danƙon harbi. Ki kuma gaya musu dalilin hana leƙe: yawan zuwa bakin sheƙa yana tashin uwa daga kan ƙwai, yana nuna wa hankaka wurin, kuma idan 'ya'yan sun kusa fita, taɓawa ɗaya tana iya sa su watse gaba ɗaya kafin lokacinsu.

Abinci ba dole ba ne, amma in kina so ki watsa tsakin gero ko acca a fili, nesa da rumfar, domin hatsi a gindin sheƙa gayyatar ɓera da tururuwa ne. Ruwa a kasko mara zurfi, wanda bai wuce gaɓar yatsa ba, a canza shi kullum saboda sauro. Abu biyu kuwa a ɗauke su daga tsakar gidan har a gama: fesa fiya-fiya a kusa da rumfar, da allon gam ɗin nan na kama ɓera, wanda baiwar Allah take iya faɗawa a kai saboda a ƙasa take kiwo.

Saura baƙin tsuntsun kan katanga. Yadda kika siffanta shi, namijin wani tsuntsu ne wanda jinsinsa ba ya saƙa sheƙa ko kaɗan. Macensa, mai zane-zane kamar gwara, tana fakon idon baiwar Allah ta shiga ta ajiye ƙwanta a cikin nata. Ɗan yana ƙyanƙyashewa da irin ɗige-ɗigen da ke cikin bakin 'ya'yan gidan, shi ya sa iyayen suke ciyar da shi ba tare da sun bambance ba, kuma ba ya turo 'yan'uwan rainonsa waje, tare suke tashi. Abin da ya fi ban mamaki shi ne idan ya girma yana saka kukan baiwar Allah a cikin waƙarsa, macen da aka raina a irin wannan gida kuma mai wannan kukan take zaɓa. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, wannan kuwa kukan gidan da aka goye shi yake yi. Wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya shafe shekaru yana nazarin wannan alaƙa, kuma shi ne a 1998 ya bayyana wa duniyar ilmi wata 'yar'uwar baiwar Allah da ke zaune a duwatsun Jos. Ki ƙyale baƙon nan, ganinsa alama ce cewa baiwar Allah tana da yawa a unguwarku.

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne a Funtuwa. Kusan kowane mako sai ɗalibi ya kawo mini ɗan tsuntsu a hannu ya ce ya faɗo daga bishiya. Mun taso ana gaya mana cewa in mutum ya taɓa shi uwar ba za ta sake karɓarsa ba saboda warin hannu, don haka sai mu sa shi a kwali mu ba shi koko, kuma da wuya ya kwana biyu. Ina gaskiyar lamarin?

Amsa: Malam, maganar warin hannu ba ta da tushe, kuma ta jawo asarar 'ya'yan tsuntsaye masu yawa waɗanda da an mayar da su da sun rayu. Ƙananan tsuntsaye da kuka da gani suke gane 'ya'yansu, kuma uwar da ta sha wahalar kwanci ba ta watsar da ɗa don an taɓa shi. Abin da za ka fara dubawa shi ne jikinsa. Idan gashi ya rufe shi, wutsiyarsa gajera ce, yana iya tsalle yana kuma damƙe yatsa da ƙafafunsa, to wannan ba faɗowa ya yi ba, fitowa ya yi, kuma iyayensa suna nan kusa suna kallon yaron da ya ɗauke shi. A mayar da shi daidai inda aka tsince shi, a ɗora shi a kan reshe mai duhun ganye, kowa ya ja da baya. Idan kuwa tsirara yake, ko gashin bai wuce tsinke-tsinke ba, ko idonsa bai buɗe ba, shi ne wanda ya faɗo da gaske. A ɗumama shi a tafin hannu, a nemi sheƙar a saka shi. In sheƙar ce iska ta yar, a samu ƙaramin kwando ko ƙoƙon da aka huda gindinsa saboda ruwan sama, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗaure a inuwa kusa da tsohon gurbin, a koma nesa a jira awa ɗaya zuwa biyu. Kukan yunwarsa ne zai jawo iyayen, kuma wannan ne ya bambanta shi da ƙwai, wanda ba ya kira.

Kokon da ake ba shi yana cikin abin da ke kashe shi. Ƙofar numfashin tsuntsu tana nan a gindin harshe, ɗigon ruwa ko koko ko madara yana iya wucewa huhu kai tsaye. Ga shi kuma yawancin tsuntsaye masu waƙa da ƙwari suke rainon 'ya'yansu, tsutsa da gara da fara, sau da yawa a cikin awa guda tun daga asuba har faɗuwar rana, aikin da babu ɗalibin da zai iya. Wanda kyanwa ta riga ta kama kuwa, ko ba a ga rauni ba ƙwayoyin cutar bakinta sukan kashe shi, sai a gwada likitan dabbobi in akwai a kusa. Duk wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu.

Tunda aji kake da shi, ka karanta musu hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud. Suna cikin tafiya tare da Manzon Allah (SAW) sai suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan, uwar ta zo tana ta karkaɗa fukafukai a kansu. Da Manzon Allah (SAW) ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya kuma umarci a mayar mata da su. Ka lura cewa an riga an riƙe su a hannu, amma umarnin shi ne a mayar. Ɗaliban da suka nuna sha'awa kuma ka sanar da su cewa wannan fanni ne da ake karantawa har digiri: akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Laminga kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 2001, kuma Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye sama da 900.

Tambaya: Marai sun mamaye darbejiyar gidana a Birnin Kudu, sheƙa ta fi hamsin. Ni ina jin daɗinsu, amma maƙwabcina ya kawo ƙara cewa hayaniya ta yi yawa, kashinsu yana ɓata masa shanya, kuma yana so a sassare rassan da suka tsallaka gidansa a wannan makon. Ba na son rigima, ba na kuma son a zubar da ƙwai.

Amsa: Alhaji, maƙwabcinka yana da gaskiya a kan ɓarnar, kuma haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne, don haka kada ka je masa da musu. Lokaci za ka roƙa. Macen marai tana kwanci kimanin kwana 12 a kan ƙwai biyu ko uku, 'ya'yan su yi kusan mako uku su tashi, kuma da damina ta ja baya taron yakan watse. Hayaniyar da ke damunsa yawanci ta mazan ce: kowane namiji yana yanko zare-zaren ɗanyen ganye, ya saƙa sheƙa a cikin yini guda, ya rataya a ƙarƙashinta kai a ƙasa yana kaɗa fukafukai don mace ta zo ta duba, in ba ta yi mata ba ya warware ya sake wata. Saboda haka a cikin hamsin ɗin nan da yawa babu komai a ciki, amma daga ƙasa ba za ka iya tantancewa da tabbaci ba, sara ɗaya kuma zai zubo da masu 'ya'ya tare da wofin.

Ka je da kanka, ka ɗauki nauyin mayar masa da igiyar shanya wani gefen, ka sa yara su riƙa share ƙarƙashin rassan kowace safiya, kashin kuwa a tara shi domin taki ne mai ƙarfi. Ka yi masa alkawarin rana takamaimai bayan kaka da za ka sa a rage rassan da kuɗinka, ka kuma cika. Kafin ranar a tsaya a kalli bishiyar na kwana biyu ko uku a tabbata babu mai shiga da abinci a baki, domin kurciya ma tana iya yin sheƙa a ciki, ita kuwa ba ta da lokaci takamaimai, kusan duk shekara tana ƙwai. Idan ya ce ai su ne masu cinye gero, ka yarda cewa marai suna taɓa hatsi, amma ba su ne jan-baki ba, waɗanda ke sauka dubbai a gona, kuma a lokacin raino ƙwari suke kwasa. Jiran tsuntsu ya gama raino ba sabon abu ba ne: masu tarihin Masar sun ruwaito cewa Amru ɗan Asi, da zai tashi zuwa Iskandariyya, ya tarar kurciya ta yi ƙwai a kan hemarsa, sai ya hana a kwance ta, aka bar ta a tsaye har ya dawo, kuma a wurin ne aka kafa birnin Fusɗaɗ a shekarar 641. Abu ɗaya ne ba ya jira: in rassan sun kai ga wayar lantarki, a kira ma'aikatan wuta su yanke wanda ya taɓa, kada kowa ya hau da kansa.

Tambaya: Ni matashi ne daga Maraɗi. Sau biyu hankaka yana kwashe ƙwan kurciya a bishiyar lemun gidanmu. Abokina ya ce in sa guba a nama in ajiye masa. In yi?

Amsa: Ɗana, kada ka yi. Na san hankaka yana cikin dabbobin da hadisi ya halatta kashewa saboda ɓarna, amma guba ba ta zaɓar wanda za ta kashe. Kaji da karnuka da mage za su ci, ƙaramin yaro yana iya ɗauka, gawar hankakan kuma ungulu za ta sauka a kai, alhali ungulun garuruwanmu tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Abin da ke ajiye hankaka a gida shi ne ragowar abinci, don haka ka rufe kwandon shara, ka daina zubar da ƙashi da hanjin kaza a fili. Ka kuma daina hawa duba sheƙar, domin yana kallonka daga kan soro. Kurciya tana sake yin ƙwai biyunta cikin ɗan lokaci, abin da take buƙata shi ne duhuwar da za ta ɓuya. Ka bar lemun ya yi cunkus ba tare da an aske cikinsa ba, idan ruwa ya sauka baɗi kuma ka dasa lalle ko magarya a jere a gindin katangar da ke gefensa.